Masarautar Yauri a Zamanin Mulkin Mallaka

Masarautar Yauri tana kudancin jihar Kebbi, a bakin Kogin Kwara, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga. Ta kasance ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila daga farkon ƙarni na 20 zuwa 1 ga Oktoba, 1960. Turawa sun mulke ta ne ta hannun sarakuna, shi ya sa manyan rigingimun wannan zamani suka kasance a kan sarauta: wa zai hau, kuma wa zai bi wani.

Zuwan Turawa

Yauri tana cikin ƙasashen da ake kira Banza Bakwai. Mazaunanta sun haɗa da Gungawa, Kambari, Shangawa, Dukawa, Hausawa da Fulani. 'Yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun ziyarce ta a 1830 lokacin da suke bin sawun kogin. A zamanin Sarki Abdullahi Abarshi (1888 zuwa 1904) Yelwa ta zama hedikwatar masarautar, kuma a zamaninsa ne kamfanin Royal Niger ya iso yankin. Ranar 1 ga Janairu, 1900, gwamnatin Ingila ta karɓi iko daga hannun kamfanin, ta naɗa Frederick Lugard ya shugabanci Arewa. Aka sa Yauri cikin Lardin Kontagora.

Tsarin mulki

Turawa ba su rushe sarauta ba, sai dai sun ɗora Razdan da Di'o a kanta. Sarki da hakimansa su ke tara haraji da jangali, a kai baitulmali, a raba tsakanin gwamnati da En'e, wato hukumar gargajiya. Kotunan alƙalai, gidan yari da 'yan doka duk suna hannun En'e. Amma naɗa sarki da tuɓe shi ya koma hannun gwamna.

Tawayen 1915

A 1915 Turawa suka tuɓe Sarkin Yauri Jibrilu, suka naɗa Aliyu, wanda ba ɗan gidan sarautar ba ne. A shekarar suka tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani, suka sa ƙasar Busa ƙarƙashin Yauri. Mutanen Busa ba su taɓa bin Yauri ba, saboda haka suka ɗauki abin a matsayin cin mutunci. Wani ɗan sarki mai suna Sabukki ya jagoranci tawaye, aka kashe wasu daga cikin sababbin masu muƙamai. Sojoji sun kwantar da tawayen, amma tsarin bai ɗore ba: an raba Busa da Yauri, kuma a 1923 sarautar Yauri ta koma gidanta da naɗin Abdullahi ɗan Jibrilu, wanda ya yi mulki har 1955. A cikin shekarun 1920 aka rushe Lardin Kontagora, Yauri ta koma Lardin Sakkwato. Masanin tarihi Michael Crowder ya rubuta littafi a kan wannan tawaye a 1973.

Hanyar mulkin kai

Nijeriya ba ta sami 'yanci ta hanyar juyin juya hali irin na Amurka ko Aljeriya ba, sai ta hanyar tarurruka da sauye-sauyen tsarin mulki. Tsarin Richards na 1946 ya kafa Majalisar Sarakunan Arewa a Kaduna. An kafa jam'iyyar NEPU a 1950, wadda ta nemi a rage ƙarfin En'e, yayin da NPC, wadda ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, ta jingina da sarakuna. Muhammadu Tukur ya hau gadon sarautar Yauri a 1955. A zamaninsa Jihar Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris, 1959, Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato yana Firimiya, sannan Nijeriya ta sami 'yanci a 1960.

Bayan 'yanci

Tafiyar Turawa ba ta kawar da En'e nan take ba. Sai bayan juyin mulkin 1966 gwamnatocin soja suka karɓe kotuna, 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, sannan gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi. Madatsar Kainji, wadda aka gina tsakanin 1964 da 1968, ta cinye tsibiran Gungawa da yawa da tsohuwar Busa, aka tashi mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Yauri ta shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, jihar Sakkwato a 1976, sannan jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991.