Daga Masussuki zuwa Falo: Tarihin Zama a Rumbunan Ingila

Daren farko da na kwana a wani ƙauye na kudancin Ingila, lokacin ina ɗalibi, barci bai ɗauke ni da wuri ba. Ina kwance ina kallon manyan azarori na itacen da ya yi baƙi saboda tsufa, ina mamakin ɗaki mai tsayin rufi kamar na masallacin Juma'a. Da gari ya waye na tambayi mai masaukina. Ya yi dariya ya ce ai ginin ba don mutum aka yi shi ba, rumbun hatsi ne aka gyara. Abin ya ɗaure mini kai, domin a wurinmu wanda ya kwana a sito ko a barga abin tausayi ne, ga shi kuwa wannan mutum mai wadata yana alfahari da nasa. Tun daga ranar na shiga bin diddigin yadda aka yi haka ta faru.

Rumbun Bature ya bambanta da namu na laka mai hular ciyawa. Dogon zaure ne na dutse ko na katako, inda ake jibge damman alkama da sha'ir bayan girbi. A tsakiyarsa akwai manyan ƙofofi biyu suna kallon juna, a tsakaninsu kuma daɓen masussuki. Keken doki ya shigo ta ɗaya ya fita ta ɗaya, idan kuma aka buɗe su tare iska ta ratsa ta kwashe ƙaiƙayi lokacin sheƙa. Duk tsawon hunturu 'yan ƙodago suna nan suna sussuka da sanda, abin da suke ci ke nan har bazara ta dawo.

Kwana kusa da dabba kuwa tsohon abu ne a wannan tsibiri. A Dartmoor da ke kudu maso yamma, manoma sun daɗe suna gina dogon gida guda, mutane a gefen tudu, shanu a gefen gangare don fitsarinsu ya gangara waje. A tsibirin Lewis na Sikotilan ma haka: katanga mai ruɓi biyu, jinkar ciyawa, wuta a tsakar ɗaki ba mafitar hayaƙi, ɗumin shanu yana taimakon na wuta. Sai a 1966 mutanen ƙarshe suka tashi daga wani irin wannan gida a ƙauyen Arnol, wanda yanzu aka mayar wurin tarihi. A idon jami'an lafiya da masu gyaran al'umma, rabuwa da dabbobi shi ne ci gaba, zama da su kuma tambarin talauci.

Na'ura ce ta fara karya darajar rumbu. A 1786 Andrew Meikle, mutumin Sikotilan, ya ƙera injin sussuka. Da ya bazu, aikin hunturu ya kuɓuce wa talaka, har a 1830 'yan ƙodagon kudancin Ingila suka yi bore suna farfasa injunan. An rataye wasu, aka kai ɗaruruwa Ostareliya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu injin da ke girbi da sussuka a lokaci guda ya gama da sauran aikin da ya rage. Hatsi ya daina zuwa gida a dami, manyan motocin noma suka fi ƙarfin tsofaffin ƙofofi, manomi ya koma ga rumfar ƙarfe da kwano. Dubban gine-gine suka zama kufai, sai mujiya da jemage.

Abin da ya farfaɗo da su doka ce. A 1947 Majalisar Birtaniya ta zartar da dokar tsara birane da karkara, wadda ta sa ba a yin gini sai da izinin hukuma, mallakar fili kaɗai ba ta wadatar ba. Izinin sabon gida a tsakiyar gonaki ya yi wuya ƙwarai. Amma tsohon rumbu yana nan tsaye, gyara shi ya fi saurin samun amincewa. Mutanen birni masu mota da kuɗi, masu marmarin shiru da iskar ƙauye, suka gane wannan kafa. A 2014 gwamnati ta ƙara sassauta wa manoman Ingila, ta ba su damar mayar da gine-ginen gona gidajen zama ba tare da cikakken neman izini ba, ban da wuraren da aka keɓe kamar gandayen ƙasa. Manyan ƙofofin da iska ke ratsawa aka toshe su da gilashi, masussuki ya zama falo.

Hausawa na cewa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ginin da kakan ɗan ƙodago ya yi gumi a cikinsa yau ya fi ƙarfin aljihun jikansa. Ba na musun alherin gyaran: rufin da ba mai kwana ƙarƙashinsa ruwa ne ke cinye shi, kuma da yawa daga waɗannan gine-gine da tuni sun rushe. Amfani da tsohuwar katanga ya kuma rage ɓarnar dutse da itace. Sai dai na ga ƙauyen da fitilun gidajensa ba sa kunnuwa sai ƙarshen mako, matasansa sun tafi birni neman ɗakin haya. A ganina, dokar da ta ceci bango ya kamata ta tambayi wanda zai zauna a cikinsa.

Ranar da zan tafi, mai masaukina ya nuna mini wasu zane-zane a jikin ginshiƙi kusa da ƙofa, 'yan layuka jere da juna, ya ce wai lissafin wani ma'aikaci ne. Na sa yatsa na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya san sunan mai su, amma su kaɗai ne a duk gidan ba a shafe da fenti ba.