Gwajin Basira da Larurar Otizim: Abin da Awo Ke Nunawa da Abin da Yake Ɓoyewa

Otizim, wadda wasu kafafen yaɗa labarai ke kira galahanga, larura ce ta haɓakar ƙwaƙwalwa da ke shafar hulɗa da mutane da sadarwa, tare da son maimaita abu guda. Leo Kanner ya bayyana ta a 1943, bayan nazarin yara 11 a asibitin Johns Hopkins na Amurka. Tun daga nan masana ke neman dalili guda da zai fassara dukkan alamominta. Sai dai sakamakon da aka samu ya fi nuna cewa kowane gwaji da iyakar abin da yake iya gani.

A 1985 Simon Baron-Cohen da Alan Leslie da Uta Frith sun yi gwaji da 'yan tsana biyu, Sally da Anne, a Landan. Sally ta ajiye ƙaramin ƙwallo a kwando ta fita, Anne ta mayar da shi akwati, sannan aka tambayi yaro inda Sally za ta duba in ta dawo. Cikin yara 20 masu otizim, 16 suka nuna akwati, alhali yawancin yara masu larurar Down da aka gwada sun amsa daidai. Daga nan aka ɗauka cewa tushen matsalar shi ne kasa hasashen abin da ke zuciyar wani.

Wannan fahimta ta bar baya da ƙura. Yara huɗu sun ci gwajin, kuma larurarsu tana nan. Daga baya aka ga kurame da iyayensu ba su iya yaren hannu ba su ma suna jinkirin cin irin wannan gwaji, abin da ke nuna cewa harshe na da hannu dumu-dumu a sakamakon. Haka kuma ra'ayin bai fassara ƙwarewar da ake gani a masu otizim ba, domin tun 1983 Amitta Shah da Frith sun nuna cewa masu otizim sun fi takwarorinsu iya tsinto ƙaramar siffa da aka ɓoye cikin babban zane.

Binciken Michelle Dawson da Laurent Mottron da abokan aikinsu na 2007 ya ƙara fito da batun fili. Yara masu otizim da aka auna da gwajin basira na Raven, wanda ba ya buƙatar magana, sun samu matsayi sama ƙwarai da wanda gwajin Wechsler ya ba su. Hatsi ɗaya ne, mudu ne ya bambanta. A 2012 kuma Damian Milton, wanda shi kansa yana da otizim, ya kawo hujjar cewa rashin fahimtar juna tsakanin masu otizim da sauran mutane daga ɓangarori biyu yake, tun da marasa larurar ma ba su cika karantar masu ita daidai ba.

Saboda haka maki ɗaya bai isa a yanke hukunci kan basirar yaro ba. Awo mai inganci shi ne wanda ya haɗa gwaje-gwaje masu magana da marasa magana, ya kuma dubi yadda yaron ke tafiyar da al'amuransa a gida da makaranta.