Lantarkin Iska a Kwarin Tarka: Yadda Ake Auna Tasirinsa ga Tabkuna da Tsuntsaye

A watan Maris na shekarar 2022 gwamnatin Nijar ta sa hannu a kan yarjejeniya da kamfanin Savannah Energy na ƙasar Ingila domin gina tashar samar da lantarki daga iska, wadda aka raɗa wa sunan Tarka. Bisa ga sanarwar da aka yi a lokacin, injunan za su iya kai 60, ƙarfinsu a jimlace kuwa megawat 250. Wurin da aka ambata yana cikin jihar Tawa ne, ba cikin gundumar Tarka ta Belbeji ba. To amma kwarin ɗaya ne. Daga Damargu ya taso, ya ratsa ƙasar Dakwaro, ya gangara Madawa, sannan ya faɗa Nijeriya, kuma tsuntsu da makiyayi duka suna bin sa ba tare da duba iyakar jiha ba.

Babu mai musun bukatar wuta. Mafi yawan lantarkin da Nijar take sha daga Nijeriya yake zuwa kafin 2023, kuma da aka yanke shi a watan Agusta na wannan shekarar kowa ya ga abin da dogaro ga maƙwabci yake jawowa. Iska ba ta hayaƙi, ba a sayen ta. Abin dubawa shi ne inda za a kafa injunan, da kuma abin da za a binciko kafin a kafa su.

Me ya sa wurin kafawa yake da muhimmanci?

Ƙarfin da inji yake samu ba ya tafiya daidai wa daida da gudun iska. In gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin yakan ninka sau takwas. Shi ya sa masu aikin suke neman tudu da gefen tsauni, suke kuma ɗaga injin sama ƙwarai. A tashar Taiba Njai ta ƙasar Senegal, wadda aka buɗe a 2020 da injuna 46, tsawon kowane inji daga ƙasa zuwa ƙarshen fiffikensa ya kai kusan mita 180. Na Lambar Rimi a jihar Katsina, su 37 da aka tsara don ba da megawat 10, ƙanana ne in an gwada su da waɗannan. Daga nesa mutum zai ga fikafikan suna juyawa a hankali, alhali bakin fiffiken babban inji yana iya wuce kilomita 250 a awa.

Gefen tudun nan da injiniya yake so, shi ne kuma manyan tsuntsaye suke so, domin a nan iska mai ɗumi take tashi ta ɗauke su ba tare da sun kaɗa fiffike ba.

Tsuntsayen da suka fi shiga haɗari

Na farko ita ce ungulu da danginta. Masana sun gano cewa idan ungulu tana shawagi, ƙasa take kallo tana neman mushe, abin da yake gabanta kai tsaye ba ta ganinsa sosai. Ga shi kuma ba ta haihuwa da yawa: manyan ungulaye ƙwai ɗaya suke yi a shekara, ɗan kuma sai ya yi wajen shekara biyar kafin ya fara nasa. Kashe goma daga cikin jan baki ba ya rage komai, amma kashe manyan ungulaye goma a shekara yana iya ƙarar da su daga yanki guda. Tun 2015 aka sa mikiya da ungulun gari cikin jerin halittun da suke dab da ƙarewa a duniya. Wanda ya yi wayo kafin farin 1984 zai tuna yadda suke cika mahauta ranar kasuwa, ya kuma san yadda abin yake yau. Duwatsun Kutus da ke ƙasar Gure suna daga cikin ƴan wuraren da suka rage inda ungulaye suke sheƙa a jihar Damagaram.

Sai shamuwa, wadda take zuwa da gabatowar damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari, ta koma kudancin Afirka bayan kaka. Sai baƙin da suke ƙetaro hamada daga Turai wajen Satumba da Oktoba, su koma a Maris da Afrilu. Da yawa daga cikinsu fara suke ci, su da balbela da shirwa, saboda haka manomin gero yana da hakki a cikin zancen ko da bai taɓa ƙirga tsuntsu ba.

Jemage ma injin yana kashe shi, musamman a daren da iska ba ta da ƙarfi, lokacin da ƙwari suke tashi.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa da shi, wato wayoyin da za su ɗauki wutar. Tuje da gauraka masu nauyi ne, ba sa iya kauce wa waya da sauri. Manyan tsuntsaye kuma kan sauka a kan turakun, wuta ta kama su. A bakin Bahar Maliya, kusa da birnin Fot Sudan, wani layin waya ya shekara da shekaru yana hallaka farar ungulu mai zuwa daga Turai da Asiya, har aka kashe shi a 2014 aka maye gurbinsa da mai rufi. Binciken da ya duba injuna ya bar waya bai cika ba.

Tabkuna da fadamu

Tarka kwari ne da ruwa ba ya gudu a cikinsa duk shekara. Abin da yake riƙe da shi su ne tabkunan da damina take cikawa, da rijiyoyi, da itatuwan bagaruwa da aduwa da magarya. A ƙasan kwarin, wajen Madawa, ruwa yana kusa, shi ne mutane suke noman albasa da shi. A samansa, wajen Belbeji, garken Fulani da na Buzaye ne suka fi dogara gare shi. Ba da nisa ba, a ƙasar Dakwaro, akwai gandun dajin Gadabeji da aka keɓe tun 1955.

Ba fiffiken inji ne yake ɓata tabki ba, aikin gini ne. Dole a yi hanyoyi masu faɗi domin motocin da za su ɗauko fikafikai, a haƙa ramukan tsakuwa, a zuba kankare mai yawa a gindin kowane inji, shi kuwa kankare ruwa yake sha. Hanyar da aka ɗaga ta ƙetare korama ba tare da isasshen kwalbati ba tana iya hana tabki cika, ko ta turo masa yashi ya cike shi cikin ƴan damuna. Tabkin da ya saba kai wa watan Janairu, in ya koma ƙafewa a Nuwamba, dabbobi za su gangaro kudu tun amfanin gona yana fili. Kowa a Damargu ya san inda wannan yake kai wa.

Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 1987. Tabkunan Tabalak da Ɗan Dutsi a jihar Tawa da na Lasuri a jihar Damagaram an sa su cikin jerin a 2005, na Gidimuni da Madarumfa a 2019. Ƙananan tabkunan Tarka ba su da irin wannan suna, amma zango ne ga tsuntsayen da suke kai da kawowa tsakanin manyan, don haka ya wajaba a sa su a taswirar bincike ɗaya bayan ɗaya.

Yadda bincike na gari yake

Dokar ranar 14 ga Mayu 2018 ta wajabta binciken tasiri a kan muhalli kafin a fara babban aiki irin wannan, kuma ofishin BNEE ne yake duba rahoton. Doka kuwa ba ta ƙirga tsuntsu da kanta. Ga abin da ya kamata hakimai da hukumomin gunduma da kwamitocin ƙasa na Kofo su tambaya.

Da farko, wata nawa aka yi ana kallo? Wanda ya zo Tarka a watan Afrilu zai tarar da busasshen tabki, ya rubuta cewa babu komai. Mafi ƙarancin abin karɓa shi ne shekara guda cur, ta haɗa damina da kaka da hunturu da bazara. Shekara biyu ta fi, domin damunanmu ba sa kama da juna. Ana zama a wurare sanannu a rubuta irin tsuntsu, da yawansa, da inda ya nufa, da tsawon da yake tashi, tunda wanda yake wucewa daidai fikafikai shi ne abin damuwa. Jemage kuwa da na'urar ɗaukar sauti ake binsa da dare.

Sa'an nan, wa aka tambaya, kuma yaushe? Taron da aka yi a lokacin da makiyaya suka yi arewa, taron rabin jama'a ne. Su ne kuwa suka san burtali, da tabkin da yake daɗewa, da itacen da ungulu take kwana. Rahoton da Faransanci ake rubuta shi, saboda haka a nemi taƙaitawa da Hausa da Tamashek da Fulfulde, a karanta ta a bainar jama'a. Ɗaliban yaƙi da jahilci suna iya riƙe littafi su riƙa rubuta ranar zuwan shamuwa da ranar ƙafewar kowane tabki. Irin wannan rubutu, ko da hannu bai faɗa ba, shaida ce da za a iya ajiyewa a gaban masu bincike.

Magani mafi sauƙi shi ne a matsar da inji tun yana kan takarda, nesa da tabki da sheƙa da mahauta. Bayan wannan akwai dabarun da aka jarraba. A kudancin Sifen, tsayar da injin da ungulu ta tunkaro ya rage mutuwarsu da kusan rabi, wutar da aka yi asara kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba. A tashar Kipeto ta Kenya akwai masu tsaro da suke ba da umarnin tsayarwa, ana kuma kwashe mushe daga wurin domin kada ya kira ungulu. A tsibirin Smola na Norwe, shafa wa fiffike ɗaya baƙin fenti ya rage mutuwar tsuntsaye da kimanin kashi 70 cikin 100 a ƴan injunan da aka gwada. Domin jemage kuma, ana hana injin juyawa a daren da iska take da rauni.

Bayan an kunna tasha, sai a riƙa zagaya gindin injuna ana neman gawa. A nan akwai tarko: dila da karnuka suna rigan mai ƙirga zuwa. Shi ya sa ake ajiye gawar gwaji a ga kwana nawa take yi kafin ta ɓace, a gyara lissafi da wannan. A tabbata an rubuta cikin takardar izini wanda zai yi ƙirgar, da wanda zai biya, da adadin da in an kai shi za a tsayar da inji, kuma a ajiye kwafin takardar a ofishin magajin garin gunduma.