Tarihin Mitar Da Muke Gwada Waya Da Ita

Kwanaki wani bawan Allah ya zo shagona a Dutsin-Ma daga Kurfi, wayarsa ta ƙi kawo wuta, an ce masa sai ya sayi sabon batir. Na ɗora mita, batir ya nuna volt 3.9, lafiyarsa ƙalau. Na gwada maɓallin kunnawa, na danna, mita ba ta yi ƙara ba. Ashe can matsalar take. Sai ya ce, wai wa ya ƙirƙiro wannan abu ne?

Asalinta tun 1820 ne, lokacin da Oersted, ɗan ƙasar Denmak, ya lura allurar kamfas na motsi idan lantarki ya bi ta waya kusa da ita. Daga nan aka samu na'urorin awo masu allura. A 1827 Ohm, Bajamushe, ya fito da lissafin da ya haɗa volt, amp da turjiyar da yanzu ake aunawa da sunansa. Sai dai a da, kowane awo da na'urarsa daban.

Donald Macadie, injiniya a hukumar gidan waya ta Ingila, shi ne ya gaji da jigilar kaya niƙi-niƙi in zai je gyaran layin tarho, ya haɗe su a akwati ɗaya. Ta shiga kasuwa a 1923 da suna AVO, wato amp, volt, ohm. Ta farkon wutar batir kawai take aunawa, irin ta NEPA sai daga baya. Samfurinsu Model 8 kuwa an yi ta ƙera shi daga 1951 har 2008. Ka ji kaya!

Ta hannu mai nuna lambobi ta yaɗu bayan kamfanin Fluke na Amurka ya fito da tasa a 1977. Mu kuma sana'armu zuwan GSM a 2001 ne ya haife ta, muka gaji mita daga masu gyaran rediyo.

Amma haɗe ukun ya zo da tarkonsa. Volt a gefe ake taɓawa, amp sai ka yanke layi wuta ta bi ta cikin mita, ohm kuma sai ka cire batir. Ina yaron shago na taɓa barin jar waya a ramin 10A na cusa a soket. Tartsatsi ya tashi, bakin wayar ya narke, maigidana ya cire kuɗin a aikina na sati.