Hadda a Makarantar Allo da ta Boko: Waiwaye Kan Tarihi

A shekarar 1914 Gwamna Lugga ya ƙiyasta cewa makarantun allo da ke Jihar Arewa sun kai 25,000. A lokacin shekara biyar ke nan kacal da Hans Bisha, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Tun daga wannan zamani ake yi wa karatun allo kallon hadda tsagwaronta, watau yaro ya riƙa maimaita abin da bai san ma'anarsa ba. Akwai gaskiya a zargin, amma masu yin sa ba su cika tsayawa su duba yadda ake haddar ba.

Ƙolo da kunne yake farawa, ya riƙe Fatiha da gajerun surori, sa'an nan ya shiga babbaƙu da farfaru. Idan ya fara ɗaukar allo, ɗan kaɗan ake rubuta masa, kuma ba zai wanke ba sai ya biya wa malam ba gargada. Hadda ta sosai kuwa sai bayan sauka. A nan ne gardi yake keɓewa, yana ɗora sabon karatu bisa tsoho, yana tilawar na baya da asuba da kuma dare a bakin wutar tsangaya, domin sanin cewa izifin da aka kwana biyu ba a waiwaya ba zubewa yake yi. Daga nan sai satu, inda zai rubuta abin da ya haddace da ka, malamai su bi shi baƙi baƙi suna gyara. Ba a kiran mutum alaramma sai ya rubuta izifi sittin ba tare da duba takarda ba. Har wani fanni suke da shi, harji, na ƙididdige sau nawa kalma ta zo da inda ta zo, don kada ayoyi masu kama da juna su rikita mai karatu.

Malaman jihadi sun san amfanin wannan baiwa, shi ya sa suka zuba ilmi cikin waƙa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe, jajis suka kai wa matan karkara waɗanda ba su da littafi.

Abin sha'awa shi ne binciken masana halayyar ɗan Adam ya zo ya tarar da gardawa a kan hanya. A 1885 Bajamushe Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma maimaici a rarrabe ya fi na zama ɗaya. Wannan ita ce tilawa. Amma binciken Scribner da Cole a tsakanin kabilar Vai ta Laberiya, wanda aka buga a 1981, ya ja wa masu yabo burki: waɗanda suka yi karatun Alƙur'ani sun yi fice wajen riƙe jerin kalmomi da ake ƙarawa ɗaya bayan ɗaya, ba su yi wa kowa fintinkau a sauran nau'o'in tunawa ba. Ashe hadda sana'a ce da ake koya, kuma abin da aka horar da ita a kai shi take iyawa.

Makarantar boko ba ta rabu da hadda ba, ko da yake ta sha kushe ta. Jadawalin sau, da ma'anonin kalmomi, da sunayen koguna, duk rerawa ake yi. Da shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa, malamai suka yi ƙaranci, littattafai ba su wadata ba, sai amshi ya zama kusan dukan darasi, galibi da Turancin da yaro bai ji ba. An ɗauki maimaici, an bar ɗan rabon da ya dace da ƙarfin kowane yaro, an bar biyawa ɗaya ɗaya, an bar tilawa. Abin da aka cusa domin jarrabawa kuwa da wuya ya ga ƙarshen hutu.

Illar wannan ta fi bayyana inda karatu ke yankewa. A ƙasar Birnin Gwari, wadda Kutemeshi ke cikinta, 'yan bindiga sun ɗauke malamai uku daga firamaren Rama a watan Maris na 2021, kuma makarantu da dama na ƙauyukan dajin sun daɗe a rufe a waɗannan shekaru. Yaron da aka yi gudun hijira da shi yana iya tilawar surorinsa a duk inda aka sauka, ko kakarsa ma ta saurare shi ta gyara. Lissafinsa da karatun bokonsa kuwa sun tsaya a baƙin allon ajin da aka kulle, kuma ba wanda ya taɓa koya masa yadda zai riƙa waiwayarsu shi kaɗai.