Wuƙa a Cikin Kube: Yadda Aka Gano Mai Zare TGF-beta

Ƙwayoyin jikin mutum ba sa yaɗuwa gaba gaɗi. Sai sun sami umarni. Masu isar da umarnin wasu ƙananan furotin ne da ake kira sinadaran haɓaka. Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen ne suka fara fito da su fili, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1986. Sai dai ɗaya daga cikinsu ya zo da ɗabi'ar da ta ɗauki masana kusan shekara talatin kafin su fahimce ta: jiki yana ƙera shi da yawa, sannan ya kulle shi.

Labarin ya faro ne daga binciken ciwon daji a Amurka. A 1978, Joseph De Larco da George Todaro suka lura cewa ƙwayoyin da suka rikiɗe suna fitar da wani abu mai sa lafiyayyun ƙwayoyi su riƙa tsiro kamar na daji. A 1981, rukunin Anita Roberts da Michael Sporn, da kuma na Harold Moses, suka ware sinadarin da aka sani yau da suna TGF-beta. Ba da jimawa ba aka same shi jibge a lafiyayyen jiki, har a ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Nan tambaya ta taso: in dai yana ko'ina, kuma yana da irin wannan ƙarfi, me ke hana shi ɓarna?

Amsar tana cikin hanyar da aka bi aka tato shi, domin da asid da barasa ake tatarsa. A 1984 da 1985, Lawrence da Jullien da abokan aikinsu a Faransa suka nuna cewa ƙwayoyi suna fitar da shi ne a sume, asid ɗin ne ke farkar da shi. Ashe masu binciken farko da hannunsu suke buɗe ƙofar, ba tare da sanin akwai ƙofa ba.

Da aka karanta tsarinsa a 1985, sai aka ga ana ƙera shi a matsayin dogon furotin guda, a yanka shi biyu. Gajeren ɓangaren shi ne wuƙar, dogon kuma ya naɗe ta ya zama kube. A 1988, Kohei Miyazono da Carl-Henrik Heldin a Uppsala ta ƙasar Suwidin suka bayyana abu na uku, wani furotin da aka sa wa suna LTBP. Aikinsa kamar na igiya da turke ne: yana ɗaure kuben a jikin saƙar zaruruwan da ke cike tsakanin ƙwayoyi. Ke nan an riga an rubuta umarnin an ajiye shi a waje, yana jiran mai buɗewa.

Tunda babu irin wancan asid a yawancin sassan jiki, sai aka shiga neman mabuɗin gaskiya. A 1988 rukunin Moses ya nuna cewa filasmin, sinadarin da ke narkar da gudan jini, yana iya yanka kuben. A 1993 rukunin Joanne Murphy-Ullrich ya gano wani furotin da ke sassauta shi ba tare da yanka ba. Mary Helen Barcellos-Hoff kuma ta nuna cewa hasken da ake gasa ciwon daji da shi yana farkar da shi.

Babban sauyin ya zo a 1999, daga John Munger da Dean Sheppard. A bayan kusan kowace ƙwaya akwai wasu ƙugiyoyi da ake kira intagirin, waɗanda take kama abin da ke kewaye da ita da su. Suka nuna cewa wata ƙugiya daga ciki tana cafke kuben ta saki sinadarin, kuma ɓerayen da aka hana wa wannan ƙugiya ba su yi tabon huhu ba bayan an ba su bleomycin, maganin da aka san yana haddasa shi. A 2007 rukunin Boris Hinz a Switzalan ya nuna cewa ja ake yi: ƙwaya ta kama kuben ta fizga, turken ya riƙe ɗaya gefen, kuben ya buɗe. A 2011 ɗakin binciken Timothy Springer na Harvard ya fitar da siffar kuben, aka ga yadda yake rungume da wuƙar.

Wannan ya bayyana yadda tabo ke haifar da tabo. TGF-beta yana sa a ƙara saƙa zaruruwa. Saƙar ta yi tauri. Turke mai tauri ba ya bin hannun mai ja, saboda haka kowace fizga ta fi sakin sinadarin. Irin wannan zagayen na da hannu a ƙanƙancewar hanta, wadda ciwon hanta nau'in B ke jawo wa mutane da yawa a yankinmu.

Me zai hana a toshe sinadarin gaba ɗaya? An ga sakamakon haka tun 1992: ɓerayen da aka cire wa TGF-beta na ɗaya sun mutu cikin 'yan makonni, domin garkuwar jikinsu ta auka wa gaɓoɓinsu. Abin da ke taurara hanta shi ne kuma linzamin garkuwar jiki. Shi ya sa masu haɗa magunguna da dama suka karkata ga ƙugiyoyin da kuben kansa, suna neman hana zarewa a huhu ko a cikin ƙari kawai, su bar ta ta ci gaba inda rai ya dogara da ita.