Gashaka-Gumti: Dutsen Da Shanu Da Namun Daji Suka Yi Tarayya

Jama'a, da yawanmu a nan zango da shanu muke ci, muke sha, muke aurar da 'ya'ya. Amma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa taka inda ake kiwon su? Wannan ne ya sa muka ɗaura niyya da rani, mu 'yan kasuwa kaɗan, muka bi ta Makurdi da Katsina-Ala da Takum har Serti a Jihar Taraba, inda hedkwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take.

Gandun nan shi ne mafi girma a Nijeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa, ya jingina da iyakar Kamaru. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Ma'aikacin da ya yi mana jagora ya nuna mana gwaggon biri da mazo, muka ga sawun ɓauna a bakin rafi. Akwai kuma birin nan mai kama da mutum, wato cimfanzi, sai dai shi ba ya yarda a gan shi da sauƙi.

To, abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne tarihin wurin. A ƙarni na 19 ƙasar Gashaka ta shiga ƙarƙashin daular Fulani ta Adamawa. Da Turawa suka yi rabon ƙasa, sai ta faɗa hannun Jamus, har yau ma akwai kufan sansaninsu a kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Ingila ta karɓa. A 1961 aka jefa ƙuri'ar raba gardama, mutanen yankin suka zaɓi Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. A 1972 aka keɓe Gashaka da Gumti don kare namun daji, a 1991 kuma aka haɗe su suka zama gandun ƙasa guda.

Amma fa kafin a ja iyaka, makiyaya sun riga sun hau tsaunukan. Dalili kuwa a fili yake: can sama akwai sanyi da ciyawa da ruwa, ga shi tsando bai cika hawa ba, don haka sammore ba ya damun shanu kamar a kwari. Da hukuma ta zo, ba ta tashe su ba. Sai ta shata musu wasu yankuna a cikin gandun, irin su Chappal Hendu da Filinga, ta ce a nan za ku yi kiwo da noma, sauran dajin kuwa na namun daji ne.

Cewa makomarsu ɗaya ce ta bayyana a 1983, lokacin da bushiya ta ɓarke. Dattawanmu na kara ba su manta da shekarar ba. Cutar ba ta bambance saniya da ɓauna ba, duka ta kwashe. Alhamdu lillahi, a 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya.

Yau barazanar daga hannun mutum take: farautar sata, shigar da garke inda aka hana, saran madobiya, da haƙar ma'adinai. In dajin ya ƙare, rafukan da ke gangarowa Kogin Taraba su shiga Binuwai za su ragu, makiyayin ne kuma zai fara ji a jikinsa, sannan mu a kara.

Mu mazauna zango mun san zama a kan yarjejeniya, an nuna maka iyakarka, ka riƙe amana, a riƙe maka. Haka zaman dutsen nan yake. Saboda haka kada mu sayi naman dajin da aka sato daga gandu, kada mu zuba jarinmu a katakon da aka sara ta ɓarauniyar hanya. Wanda kuma Allah Ya hore wa, ya kai yaransa su gani da idonsu. Daga Disamba zuwa Maris hanya ta fi kyau, kuma kada a manta da bargo.

Allah Ya sa mu bar wa jikokinmu abin da muka tarar, amin.